Hattara da mai "mayar da tsohuwar kwamfuta ta wasan gem" a Katsina

Jama'a, musamman iyayen yara, akwai wani matashi da ke tallata kansa a zaurukan WhatsApp na unguwanni, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, wai a kawo masa tsohuwar laftof ya mayar da ita ta wasan gem cikin kwana biyu. Yana karɓar kafin alƙalami da sunan zai yi odar kaya daga Kano. Ba shi da shago, a bakin titi yake karɓar kaya. Yayana na cikin waɗanda ya damfara. Ɗansa ya matsa masa da maganar wasan ƙwallo na FC 24, shi kuma ya ga gyaran laftof ɗin da ya daɗe yana aiki da ita zai fi sayen sabuwa sauƙi.

Da aka dawo da ita, an manna mata sitika mai rubutun Nvidia (kamfanin da ke ƙera girafik kad), an sake mata Windows, shi ke nan. Wani mai gyara da muka kai wa ya buɗe ta a gabanmu, sai ga shi ram ɗin ma, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, an cire guda, daga gig 8 ta koma gig 4. Muna kiran layin matashin, a kashe.

Babbar ƙaryar tasa ita ce girafik kad, wato abin da ke sarrafa hoton wasa. A kusan dukkan laftof, a narke yake jikin madabod, wato babban allon cikin kwamfutar, tun daga kamfani, ba a zare shi a sa wani. Duk wanda ya ce zai canza maka shi, kuɗinka yake so. Abin da ake iya ƙara wa tsohuwar laftof shi ne ram da SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri), kuma suna da amfani ƙwarai: za ta riƙa tashi da wuri, yaro ya yi aikin makaranta ba tare da ta sanƙare ba. Amma ba za su sa ta ɗauki FC 24 ba, domin kamfanin EA ya ce mafi ƙarancin abin da wasan ke buƙata shi ne girafik kad na GTX 1050 Ti, ram gig 8 da fili gig 100.

Mai kwamfutar tebur kuma kada ya saki jiki. Ita ana sa mata kad, gaskiya ne, sai dai jabu ya yi yawa. Ana ɗaukar tsohon kad GTS 450 na 2010 a sauya masa manhajar ciki, sai ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Ka duba bayansa, in ka ga shuɗin ramin VGA, ka ajiye wa mai sayarwar kayansa, na gaske ba ya zuwa da shi. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana kuma tona asirin da yawa daga irin waɗannan. Sannan ƙananan kwamfutocin ofis 'yan gwanjo da suka cika kasuwa, akwatin wutarsu ba ya iya ɗaukar babban kad.

Kada kuma "Core i7", sunan wani nau'in furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na kamfanin Intel, ya ruɗe ka, wannan matashin da shi yake cika baki. Lambar da ke biye ita ce magana: i7-2600 na 2011 ne, i5-8400 na 2017 ya fi shi nesa ba kusa ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida, in furosesar Intel ce, sai zubi na 8 (irin su i5-8400) zuwa sama. A ganina, injin da bai kai nan ba, in ya wuce SSD da ɗan ram, kada a ƙara zuba masa ko sisi. A tara kuɗin a sayi wani.

Kafin ka ba kowa kwamfutarka, danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka ɗauki hoton abin da ke ciki da wayarka. A yi aikin a shago, kana tsaye, a ba ka tsofaffin kayan da aka cire da rasit, kuma kada ka biya sai yaron ya kunna wasan a gabanka. Wanda matashin nan ya riga ya karɓi kuɗinsa ya adana shaidar turawar da saƙonninsu, ya kai ofishin 'yan sanda mafi kusa, yayana ya riga ya kai nasa.