Asibitin gwamnati ko mai zuwa gida: ina za a kai mai shanyewar ɓarin jiki a Legas?

'Yan uwa daga Agege da Idi-Araba sun sha yi mini wannan tambaya game da inda mara lafiyarsu zai samu ma'aikacin okupeshinal terapi. Ma'aikacin okupeshinal terapi ba mai gashin ƙashi ba ne. Shi ne ke sake koya wa mara lafiya riƙe cokali, saka maɓalli, shiga banɗaki da alwala da hannu ɗaya.

Wajen kuɗi, asibitin gwamnati ya fi sauƙi, kamar na ƙashi da ke Igbobi ko na ƙwaƙwalwa da ke Yaba. Ga kayan aiki, ga likitoci kusa. Sai dai a lissafa kuɗin mota da layi da cunkoson Legas. Dattijo kan isa a galabaice tun ba a fara ba.

Mai zuwa gida akwai tsada, amma yana ganin abin da asibiti ba ya gani: tsayin dokin ƙofa, santsin banɗaki, tabarmar da Baba ke kasa tashi daga kanta. A nan zai gyara, ya koya wa mai kula da mara lafiyar. Wannan ni ya fi burge ni. Haɗarinsa 'yan bogi, don haka a nemi shaidar rajistarsa da hukumar MRTB, mai yi wa irin waɗannan ma'aikata rajista a Najeriya, kafin a biya ko sisi.

Mai ƙaramin ƙarfi da ke kusa da asibiti, ko wanda ciwonsa ke buƙatar idon likita, ya nufi asibiti. Wanda hawa mota ke wahalarwa, kuma iyali na da hali, a kira masa mai zuwa gida.