Abincin dare a Forodhani, Zanzibar

Wata biyu na yi a Zanzibar, kuma kusan kowace Asabar a Forodhani nake cin abincin dare. Filin yana bakin teku, daura da tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina. Rana na faɗuwa masu abinci za su jera tebura su kunna fitilu, samari kuma suna ta tsunduma cikin teku daga kan katanga.

Urojo ne ya sace min zuciya. Miya ce mai ruwa-ruwa, rawaya, mai ɗan tsami, a zuba dankali da wani abu kamar ƙosai, a barbaɗa soyayyen rogo a kai. Da zafinta ake sha. Matar da nake saya a wurinta ta gane ina son barkono, ko ban tambaya ba sai ta ƙara min. Ruwan rake kuwa a gabanka ake matse shi da citta da lemun tsami.

Mishkaki, wato tsirensu, bai kai namu ba, babu ƙuli. Kifin da aka jera tun yamma ku yi hattara da shi, sau ɗaya na ci ya ɓata min ciki. Ku kuma tambayi farashi kafin a ɗora muku a wuta.