Na'urar auna INR a gida: ta hanyar Medicare ko da kuɗin aljihu?

Hajiya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kin tambaya ko ki saya masa na'urar auna INR (lambar da ke nuna saurin daskarewar jini) da kuɗinki, ko ki bi ta Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka. Tunda bawul ɗin ƙarfe ne a zuciyarsa, yana shan warfarin (maganin hana jini yin guda), kuma yana da Medicare, ki bi ta inshora, ki ajiye batun saye da kuɗinki.

Tun 2002 Medicare ke biya wa masu bawul ɗin ƙarfe gwajin INR na gida, a 2008 aka ƙara da masu bugun zuciya marar tsari da masu gudan jini a jijiyar ƙafa ko huhu. Sharaɗi shi ne ya kai wata 3 yana shan maganin, likitansa ya rubuta takarda, a koya masa ido da ido har ya gwada a gaban mai koyarwar, kuma kada gwajin ya wuce sau ɗaya a mako. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne su sayi na'urar su kai rasit, su ji an ce ba za a biya ba. Ai Medicare aikin gwajin take biya. Likita zai tura takardar ga kamfanin da ke wannan hidima, su ba Baba aron na'ura, su riƙa aiko da tsinken gwaji (wanda ake ɗiga jinin a kai), shi kuma ya riƙa kira ko ya tura sakamako ta manhaja, su sanar da likita. Sashen B na Medicare na ɗaukar kashi 80 bayan an cike kuɗin farkon shekara, sauran 20 naku ne, sai in akwai ƙarin inshora. In Medicare Advantage gare shi (wadda kamfanin inshora mai zaman kansa ke gudanarwa), ki fara kiran su ki ji ko sai da izini, da kuma kamfanin da suka yarda da shi. In Medicare ta asali ta ƙi, kuna da kwana 120 ku nemi a sake dubawa.

Daɗin wannan hanya, ranar da lamba ta fita daga iyakar da likita ya sa masa, akwai wanda zai gani ya ɗaga waya a gyara yawan ƙwayar.

Saye da kanki kuwa, to, na'urar taki ce, iyakar amfaninsa ke nan. Tsinken ne ke cin kuɗi, kuma babu mai bibiya.

Yawanci na'ura mai suna CoaguChek za a ba ku. Kowane kwalin tsinke yana zuwa da ɗan cip ɗinsa, dole lambarsa ta yi daidai da ta jikin gwangwanin. A wanke hannu da ruwan ɗumi, ya bushe sarai. In an ciro tsinke a yi amfani da shi cikin minti 10, in an tsira yatsa a ɗiga jinin cikin daƙiƙa 15, don yana fitowa yake fara daskarewa, jinkiri kuma lambar ƙarya zai bayar. Kada a matse yatsan da ƙarfi. A farkon farawa, a gwada da na'urar ranar da aka ɗibi jini a asibiti, a ga ko sun yi kusa. In Baba zai je gida da bazara, tsinken ba ya jure zafin da ya haura digiri 30, kada a bar shi cikin mota.

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi masu tallan tsinke da araha a intanet. Wasu wanda ya kusa lalacewa suke sayarwa, wasu kwali babu cip. A 2018 an janye wasu rukunin tsinken CoaguChek saboda suna nuna lamba sama da gaskiya. Duk wanda ya tallata miki na'urar INRatio ta hannu kuma, ki wuce, tun 2016 aka cire ta daga kasuwa. Haka wanda ya bugo waya yana neman lambar Medicare ta Baba wai zai aiko da na'ura kyauta, ki kashe wayar, ki kira ofishin likitansa su tura takardar da kansu.