Canjin birki a Shikago da na Panteka

Yaya, barka da war haka. Ya su Umma da yara? Ka tambaye ni ko da gaske ne mutum a Amurka shi ke kwance tayarsa ya canza birki da kansa. Da gaske ne, kuma ba sha'awa ce ke sa su ba, kuɗin hannu ne. Gareji a nan da awa yake lissafi, awa ɗaya kuwa takan haura dala 100, ban da kuɗin kaya. Fad ɗin birkin gaba na Corolla irin taka bai kai haka ba. A Kaduna abin a juye yake: ladan bakanike ba ya tayar wa kowa da hankali, kayan ne ba ka san me ka saya ba.

Nan idan ka shiga shago irin AutoZone ko O'Reilly, shekarar mota da samfurinta kawai za ka faɗa, su duba kwamfuta su miƙo maka, da garanti a rasit. Har aron kayan aiki suke bayarwa: ka ajiye jingina, ka dawo da abu, a mayar maka da kuɗinka. A kasuwar Panteka ta Kaduna kuwa tsohon fad za ka riƙo a gwada da ido, kowane kwali an rubuta masa orijinal. Amma a ba Panteka haƙƙinta. Garin da aka fara haɗa Fijo a Kakuri tun 1975 ba ya rasa mai hannu. Abin da yaro zai gyara maka a can, nan shara ake jefa shi a sayi sabo.

Aikin ba wuya gare shi ba. Wuri mai daɓe ake nema, a sa dutse a tayar baya, a sassauta notunan tayar da za a cire tun mota tana ƙasa. In an ɗaga da jak, sai a tura mata ƙafar ƙarfe ta zauna a kai. Wannan dai ba na wasa da shi. Bulon siminti da guntun katakon da muke gani a garejin gida, mutum na ƙarƙashi yana waya, yanzu ko tunawa na yi sai gabana ya faɗi. Bulo ba ya gargaɗi kafin ya fashe.

Noti biyu ke riƙe da kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifan birkin da ke juyawa tare da taya. In ta fito, a rataye ta da waya, kar a bar ta tana lilo a jikin tiyon man birki, don tiyon yakan lalace daga ciki ba a gani. A buɗe murfin tankin man birki, a tura fistin da ke cikin kalifa baya a hankali, a goge ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu a shafa musu giris mai jure zafi. Su ne in sun cije za ka ga fad ɗaya ya cinye, ɗan'uwansa sabo fil. Giris kada ya taɓa fuskar fad ko faifai. Faifan ma akwai mafi ƙarancin kauri da aka buga a jikinsa. In ya kai nan, ya tashi aiki. Fad kuma in ya sauko milimita 3, lokaci ya yi. Hagu da dama tare ake canzawa, ko da aljihu ya yi kuka.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne na ƙarshe. Kafin mota ta motsa, a yi ta taka birki har ya yi tauri, saboda takun farko ƙasa yake tafiya ba ya kama komai. Sannan a zaga unguwa a hankali ana takawa ana saki.

Wahalarmu a nan tsatsa ce. Gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarƙashin mota, faifai ya manne sai da guduma. Ka tuna da wannan in za ka sayi tokumbo, ka leƙa ƙarƙashi. Gidajen haya da yawa kuma sun hana gyaran mota a wurin ajiye motoci, sai mutum ya roƙi ƙofar gidan aboki.

Ni dai ba zan ce ka ɗauki sifana ba, Yaya, bakanikenka ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Ka dai tsaya a kansa. Man birki ya zama DOT 3 ko DOT 4 kamar yadda aka rubuta a murfin, kuma a buɗe gwangwanin a gabanka, don yana shan danshi in ya daɗe a buɗe, ranar da birki ya yi zafi a hanyar Abuja sai ya saki. Ka turo min lambar sasi, mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. In mai zuwa gida ya samu, zan ba shi fad na gaba da na baya.