Tiraka a mota a Legas: wacce ta cancanci kuɗinka, wacce za ka gudu

Duk wanda ya sayi mota a garin nan, ko tokumbo ce daga Apapa ko ta hannu, kafin ya gama takardu sai wani ya ce masa ya sa tiraka, wato na'urar da ke nuna inda mota take. Wasu na ganin ɓarnar kuɗi ce, su ce Allah ne mai tsarewa. Gaskiya ne, amma ko mai faɗin haka yana kulle motarsa da dare. A wurina, in dai motarka Toyota ce ko Lexus ko Honda, irin su Corolla, Camry, Highlander, Sienna da Hilux, to ka sa. Waɗannan su ne masu kasuwa: kayan gyaransu ba sa kwantai, ita ma motar ko a ina aka kai ta akwai mai saye.

Motar da aka sace a Legas ba ta daɗewa a matsayin motarka. Ko dai a feɗe ta a wani gareji, inji daban, giya daban, ƙofofi da fitilu daban, ko a nufi iyaka da ita ta Seme ko Idiroko, ko a sake mata fenti da lamba a tura wata jiha. Da tsakar dare, in babu gosulo, daga Agege zuwa gadar Kara 'yan mintuna ne, an riga an shiga jihar Ogun. Saboda haka duk abin da za ka saya, ka auna shi da tambaya ɗaya: me zai yi mini a awa ta farko?

Jiniyar mota mai ihu ba ta cikin lissafi, domin a Legas ko babur ya wuce sai ta ɗauka, babu mai ko leƙowa. Ƙarfen kulle sitiyari ko na feda yana ɓata wa ƙaramin ɓarawo lokaci, kuma ba shi da tsada, ka saya ka ƙara, amma ba ya tare mai bindiga. AirTag na kamfanin Apple, wanda ya fito a 2021, an yi shi ne don makulli da jaka. Yana dogara da wayoyin iPhone da ke kusa da shi, kuma shi da kansa yake sanar da wayar ɓarawon cewa ana bin sa, har ya yi ƙara. Ita kuwa tirakar da ake sokawa a ramin da bakanike ke jona kwamfutarsa a ƙasan sitiyari, ko yaro ya san wurin, da hannu ɗaya ake zare ta.

Saura biyu, kuma a kansu ake sa-in-sa: ƙaramar tiraka ta kasuwa da mai wayarin zai ɗaura maka ka riƙa duba ta da kanka, da kuma ta kamfani mai ofis da ma'aikatan da ke sa ido dare da rana, wadda ake biyan kuɗinta duk shekara.

A ciki duk aikinsu iri ɗaya ne. Na'urar tana karɓar saƙon tauraron ɗan adam ta gane inda take, sai ta aika bayanin ta layin waya, don akwai sim a cikinta kamar na wayarka. Ana jona ta da wutar motar, a haɗa mata wani ɗan makunni da ke kan wayar famfon mai ko ta kunna inji, yadda in ka aika umarni mai zai daina zuwa, motar ta mutu. Mai kyau tana da ɗan batir nata na ciki, in an cire kan batirin mota ta aiko maka da saƙo nan take, ta ci gaba da magana na ɗan lokaci. Mai kyau kuma ba ta kashe inji ana tsakiyar gudu, sai motar ta rage sauri sosai. Ka tambayi wannan da kyau, don motar da ta mutu tana gudu a kan gadar Third Mainland za ta iya kashe waɗanda ba su ji ba su gani ba.

Ni ta kamfani nake so, kuma ba na ɓoyewa. Abin da kake biya a shekara shi ne mutumin da ke zaune gaban kwamfuta ƙarfe uku na dare. In na'urarka ta yi shiru, shi zai kira ka ya ce ka kawo motar a duba. In motar ta fita daga iyakar da ka shata mata, misali ta tsallaka Legas alhali ba ka ce za ka yi tafiya ba, wayarka za ta yi ƙara. Ka tuna mai ƙwacen mota ba ya barin ka da waya. Yana karɓar makulli yana karɓar waya, wani lokacin ya tafi da kai ya ajiye ka a wani lungu. To manhajar da ke cikin wayar da aka tafi da ita, me za ta yi maka? Wanda ke da kamfani a bayansa sai ya ari wayar mai shayi ya kira lamba ɗaya, ya faɗi kalmar sirrinsa, su kashe motar su fara magana da 'yan sanda. Shi ya sa nake cewa ka haddace lambar nan kamar lambar gidanku, ka kuma ba maiɗakinka da ɗan'uwanka.

Akwai kuma batun sabo. Kamfanin da ya daɗe yana wannan aiki ya san yadda ake kai rahoto, ya san wanda ake kira a kowane yanki, yana da mutanen da za su bi jami'ai har wurin. Kai da ka zo caji ofis a rikice da taswira a hannu, kafin ka gama bayani motar ta ƙara nisa. Kada dai ka ɗauki alkawarin baki. Ka sa su rubuta maka ko kuɗin shekarar ya haɗa da fita nemo motar, ko kuwa nuna maka wurin kawai za su yi, da kuma ko aikinsu yana wuce iyakar ƙasa in an shiga da ita Jamhuriyar Benin. Ka je ofishinsu da ƙafarka ka gani. Sannan ka kira lambar gaggawarsu da tsakar dare kafin ka biya ko sisi. In ba a ɗauka ba, ka samu amsarka.

Ta kasuwa ba na cewa ba ta aiki. Tana aiki muddin kai ne za ka zama kamfanin kanka: ka zuba mata data, ka duba ta, ka gwada ta. Mutane kaɗan ne ke jure wannan.

Abin da ya sa nake zafi a kan maganar layi shi ne abin da ya sami yayana, wanda ke harkar albasa a Mile 12. Wani mai shago ya sa masa tiraka a Corolla, ya karɓi kuɗin na'ura da na shekara, ya ce komai na hannunsa. Ranar wata Juma'a aka fito masallaci babu mota. Ya kira ni muryarsa na rawa, na same shi a bakin titi.

"Yaya, buɗe manhajar mu gani."

"Na buɗe, ƙanena. Ga ta nan, wai tana ƙofar gida."

Na karɓi wayar. Ga ɗan hoton mota a kan taswira, daidai layin gidansu, a natse. A ƙasa da ƙananan rubutu akwai ranar da na'urar ta yi magana ta ƙarshe, watanni da suka wuce. Da muka bi diddigi, ashe sim ɗin da sunan wani yaron shagon aka yi masa rajista, yaron ya bar aiki, layin ya faɗa cikin waɗanda aka rufe a 2024 lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta matsa a kan haɗa layi da lambar NIN. Mai shagon ya sani ko bai sani ba, bai taɓa kira ba. Duk tsawon lokacin nan Yaya yana yawo da maigadi kurma. Motar ba a sake ganin ta ba.

Don haka kafin a rufe komai, ka san lambar layin da ke cikin na'urar, ka san da sunan wa yake. In ta kasuwa ce, ka kawo sim da ka yi wa rajista da kanka. Layin da ya yi watanni ba a taɓa shi ba, kamfanin waya na iya rufe shi, daga baya ma ya sayar wa wani. Kuma ka koyi duba ranar da ke ƙasan taswira, domin hoton motar yana nan ko na'urar ta mutu. Duk wata ka tsaya a wuri mai aminci, ka aika umarnin kashewa, ka ga injin ya mutu, ka sake kunnawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Cuta a wannan harka ta fi na'urorin yawa. Akwai masu rubuta 4G a kwali, a ciki tsohon 2G ne. Akwai wadda aka ce tana da batir na ciki, ka cire kan batirin mota ta mutu murus. Wannan gwajin a gaban mai sayarwa za ka yi shi, minti biyu ne. Akwai masu cewa ka biya sau ɗaya har abada, babu kuɗin shekara. To wa zai biya data, wa zai biya kuɗin rumbun da ke ajiye bayanan? Irin waɗannan sukan canza shago kafin shekara ta zagayo.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne lambar sirri. Yawancin ƙananan na'urorin nan suna zuwa da 123456 daga masana'anta, kuma masu ɗaurawa ba sa canzawa. A 2022 masu binciken tsaro na BitSight a Amurka sun bayyana cewa samfurin MiCODUS MV720 yana da wannan rauni da wasu, ta yadda baƙo zai iya ganin inda mota take har ya datse mata mai daga nesa. Ka bar ma baƙo. Wanda ya ɗaura maka ya san inda ya ɓoye ta, ya san lambar layin, sau da yawa lambar wayarsa ya saka a matsayin mai ba da umarni. Kenan ya san inda motarka ke kwana. Ka canza lambar sirri a ranar, ka tabbatar lambarka ce kaɗai ke da iko, kuma kada direba ko mai wankin mota su san an sa, balle inda take.

Ka tsaya a kan aikin lokacin da ake yi. In ka ga an murɗe wayoyi da hannu an naɗe da salatif, ka ce a yi walda da dalma a rufe da kyau, don irin wannan haɗin ne ke shanye batir ko ya kashe maka mota a cikin cunkoson Oshodi. In kuma an tura ta bayan rediyo ko ƙasan sitiyari, ka ce a sake wuri, nan ne inda ɓarawo yake fara sa hannu. Ɓarayin yanzu sun waye. Wasu na ɗauke da na'urar toshe sabis, wasu kuma sukan ajiye motar a wani layi mai shiru su yi nesa su ga ko za a biyo ta. In motarka mai tsada ce, ka ƙara ta biyu, mara waya, mai batirin kanta, wadda ke barci ta farka jefi-jefi ta faɗi inda take. Wani daban ya sa maka ita, ba wanda ya sa ta farko ba. In sun tsinci ta farko suka jefar, hankalinsu ya kwanta, ta biyun ce za ta yi magana.

Mai sayen mota ta hannu shi ma ya yi hattara. Ka sa a bincika ko akwai tsohuwar tiraka a ciki, musamman motar da aka taɓa bayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Wanda ke riƙe da lambarta zai iya zuwa har ƙofar gidanka. Bayan an yi sata kuma wasu macuta ke fitowa a Facebook da WhatsApp, su ce za su gano maka mota da lambarta ko lambar inji in ka tura kuɗi. Motar da babu na'ura a cikinta babu mai ganin ta a taswira.

Tiraka ba ta biyan ka in motar ta tafi, wannan aikin inshora ne. Ta dole, wadda hukumar inshora ta NAICOM ta mayar naira 15,000 daga Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ruwanta da sata. Wadda ke biyan sata ita ce cikakkiya, kuma hukumar ta ce kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar ba, wato motar miliyan 10 aƙalla naira 500,000 a shekara. Mai hali ya haɗa biyun, wasu kamfanonin ma su ke sharɗanta a sa tiraka a manyan motoci. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba saboda addini, akwai takaful, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Kowacce ka yi, ka duba lambar motarka a rumbun bayanan inshora na NIID, don takardar bogi ta cika gari.

In abin ya faru, Allah ya kiyaye, ka miƙa makulli ba gardama, kuma kada a kashe injin suna kusa da kai ko da iyalinka a ciki. Ka bari su yi nisa. Ka kira kamfanin, ka kira 112 ko 767, ka shigar da rahoto a ofishin 'yan sanda mafi kusa da lambar mota da ta shasi da ta inji, waɗanda ya kamata ka ajiye kwafinsu a gida ba a cikin motar ba. Ko da ka ga ta tsaya a taswira a wani gareji a Ikorodu ko Sango, kada ka tara 'yan'uwa ku tafi da kanku. Ka ba jami'ai wurin, ka bi bayansu.