Disneyland Paris: a je cikin sanyin Disamba ko a bari sai Agusta?

Hajiya, kin ce za ku Faransa ke da maigida da yara uku, babban yana da shekara 10, autar kuma ba ta cika 3 ba, kina tambaya ko ku kai su wurin wasanni na Disneyland a hutun Disamba ko ku jinkirta zuwa Agusta saboda sanyi. A ganina abin da zai wahalar da ku shi ne tsayuwa a layi cikin sanyi, don haka makon da kuka zaɓa ya fi watan muhimmanci.

Wurin yana Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da Paris, jirgin ƙasa na RER A yana kai mutum har bakin ƙofa cikin kamar minti 40 daga tsakiyar birni. An buɗe shi a 1992, kuma yana aiki rani da damina, ba kamar wuraren wasa da yawa a Turai da ke rufewa idan hunturu ya shigo ba. Waɗanda suka gina shi sun yi la'akari da yanayin garin. A gefe biyu na babban titin shiga akwai dogayen barandu masu rufi da ake bi idan ana ruwa, kuma wasanni da dama a cikin gini suke, irin su Pirates of the Caribbean da Ratatouille da Phantom Manor da kwalekwalen 'yan tsana na It's a Small World.

A Disamba ma'auni yakan tsaya wajen digiri 7 ko 8 da rana, da sassafe da dare ya sauka zuwa 3 ko ƙasa da haka. Kada ki yi wa yara alkawarin dusar ƙanƙara, ba kasafai take sauka a Paris ba. Abin da za ku fi gamuwa da shi yayyafi ne da iska mai ratsa ƙashi. Rana ba ta fitowa sai wajen 8:30 na safe, wajen 5:00 na yamma ta faɗi, ma'ana Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin wurin za su riske ku, kusa da juna. A Agusta kuwa digiri 25 ne galibi, gari da haske har wajen 9:00 na dare, kuma ba a rufewa da wuri. Sai dai zafin Paris ma ba abin rainawa ba ne, a Yulin 2019 ya haura digiri 42, ga shi layukan wasu wasannin a fili suke babu inuwa.

Maganar cunkoso ce ke raba gardama. Agusta hutun makarantu ne a kusan duk Turai, wasan da ya yi suna za a iya shafe awa guda ana jiransa. Disamba kuwa kashi biyu ce. Daga wajen 20 ga wata zuwa farkon Janairu makarantun Faransa suna hutun Kirsimeti, wurin yana cika maƙil, tikiti yana tsada domin farashinsa yana bin ranar da aka zaɓa. Wannan lokacin ne ba zan ba kowa shawararsa ba: ga taron Agusta, ga sanyin hunturu, an haɗa maka zafi biyu. Amma ranakun aiki a farkon Disamba, an riga an ƙawata wurin da fitilu, layi kuma da sauƙi. Bayan an koma makaranta a Janairu ya fi haka zama fayau, kuɗi ya sauka, illa dai a lokacin ne ake yawan rufe wasu wasanni don gyara, kuma ana tashi da wuri. Ki duba manhajarsu kafin ki biya, tana nuna abin da ke rufe da tsawon jira.

Duhun da ke saurin yi yana da nasa amfanin. Wasan wuta da haske da ake yi a jikin babbar fadar da ke tsakiyar wurin sai lokacin tashi, to a hunturu yara suna ganinsa idonsu biyu, a Agusta kuwa sau da yawa ƙananan sun yi barci a kafaɗa kafin a fara.

Yanzu yaranki. Mai shekara 10 ba ruwansa, yana guje-guje jikinsa na ɗumi, kuma tsawonsa ya isa shiga wasannin jiragen gudu irin su Big Thunder Mountain da ke buƙatar santimita 102 da Hyperspace Mountain mai buƙatar 120. Autar ce abin ji. Ba za a biya mata tikiti ba tunda ba ta kai 3 ba, amma yaron da ke zaune a keken turawa ba ya motsi, sanyi ya fi kama shi, kuma ba lalle ya iya faɗa ba sai dai rigima. Idan kun tafi da ita, ki tanadi bargo da ledar rufe keken, ki riƙa taɓa hannunta da ƙafarta.

Kayan sawa ma lissafi ne. Tafiyar Agusta hular rana da gorar ruwa sun wadatar. Ta Disamba kowa sai riga kan riga har uku, ta ciki mai kama jiki, suwaita, sannan jaket da ruwa ba ya ratsawa, ga safar hannu da hular sanyi da takalmi rufaffe mai kauri a ƙasa, don daga ƙafa sanyin tsayuwa yake shiga. Mutum biyar, wannan kuɗi ne da akwati guda, ki cire shi daga rangwamen tikitin kafin ki ce hunturu ya fi araha.

Da ni ce, idan makarantar yara za ta bari ku tafi kafin tsakiyar Disamba ko bayan makon farko na Janairu, zan ɗauki sanyin, mu yi wasannin waje da tsakar rana, na cikin gini safe da yamma. Idan kuwa ranakun da kuke da su tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara ne kawai, ga kuma 'yar ƙarama, ku bari sai ƙarshen Agusta, lokacin taron ya fara raguwa domin farkon Satumba ake komawa makaranta a Faransa.