Samfla a Jamus: abin da ke kasuwa da yadda ake gyara sauti kafin a loda

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa, ga amsar tambayarka kan na'urar samfla, wato na'urar da ake loda wa guntun sauti a riƙa kunna shi a yi kiɗa: waɗanne ake samu a nan Jamus, kuma yaya ake gyara sauti kafin a loda. A taƙaice, ingancin sautin yana fitowa ne daga gyaran da ka yi wa fayil a kwamfuta kafin ya shiga na'urar, kuma babu tsadar na'ura da za ta rufe mummunan gyara.

Kasuwar nan kashi biyu ce. Akwai sababbi irin su Roland SP-404MKII da ta fito a 2021, da Digitakt ta kamfanin Elektron na Suwidin, da jerin MPC na Akai. Wanda ya saya ta intanet a Tarayyar Turai yana da kwana 14 na mayar da kaya ba tare da ba da dalili ba, da garantin shekara 2 bisa doka, kuma babban kantin kayan kiɗa na Thomann yana ba da kwana 30 da shekara 3. Sai tsofaffi na hannu: E-mu SP-1200 ta 1987, Akai S950 da MPC60 na 1988, da MPC2000XL. In daga hannun mutum ka saya, galibi zai rubuta cewa babu garanti, don haka a gwada kowane maɓalli, a duba hasken allo, a saurari kowace mafitar sauti ɗaya bayan ɗaya. A duba wuta ma. Na'urar da aka yi wa Japan volt 100 take ci, ta Amurka 120, ta Turai 230. Ka jona ta Japan a 230 babu taransifoma, tana iya ƙonewa nan take.

Kada tsadar tsofaffin ta sa ka ɗauka sun fi tsabtar sauti. SP-1200 bit 12 ce, kilohaz 26, ajiyarta daƙiƙa 10 kacal (bit shi ne ma'aunin yadda na'ura ke tantance ƙarfin sauti dalla-dalla, kilohaz 26 kuwa na nufin tana auna sautin sau dubu 26 a daƙiƙa). Na'ura ba ta riƙe sautin da ya wuce rabin kilohaz ɗinta, wato wannan ta tsaya a wajen 13, alhali faifan CD mai bit 16 da kilohaz 44.1 yana kaiwa 22. Kaushin nan da ke sa ganga ta yi nauyi shi ake biya wa kuɗi. Saboda ƙarancin wuri, masu kiɗa kan juya faifan garmaho mai gudun 33 a kan 45, su ɗauka don sautin ya gajarce, sannan su rage gudunsa a cikin na'urar muryar ta sauko daidai, kuma saukewar ce ke ƙara kaushin. In murya garau kake nema, ko kiɗan tsirkiya, sabuwa ta fi maka nesa ba kusa ba.

Wajen gyara, manhajar Audacity kyauta ce kuma ta wadatar. Ɗauki sautin a WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse ba), bit 24, ka bar ƙololuwarsa tsakanin desibel 12 da 6 ƙasa da sifili, wato iyakar sama ta ma'aunin ƙara. Sautin da ya bugi sifili ya fashe ke nan, rage ƙara daga baya ba ya ɗinke shi. Ka guji MP3 a matsayin tushe, domin mai kilobit 128 yakan yanke abin da ya haura kilohaz 16, kuma mayar da shi WAV ba ya dawo da abin da aka zubar.

Yanka shi ne inda aka fi yin ɓarna. Ka buɗe zanen sautin sosai har ya zama zare ɗaya mai hawa da sauka, ka yanka daidai inda zaren ya tsallaka layin tsakiya. In ka yanka a kan tudu, duk bugun da ka yi za ka ji wani ƙas a farko. A wutsiya ka sa dusashewa ta milisakan 3 zuwa 5. A goshin ganga kuwa kada ka sa, ko ka sa ƙasa da milisakan 1, don bugun farkon shi ne ran gangar. Shirun da ke gaban sautin a cire shi tas, milisakan 10 ma ya isa ya sa kiɗa ya riƙa jan ƙafa. In zanen gaba ɗaya ya karkata sama ko ƙasa da layin tsakiya, zaɓin cire DC (sunan wannan karkatar) da ke cikin Normalize na Audacity zai daidaita shi, a nan kuma ka ɗaga ƙarar zuwa desibel 1 ƙasa da sifili.

Sannan ka ba kowace na'ura abin da take karɓa. MPC2000XL tana son bit 16 da kilohaz 44.1, kuma takan ƙi fayil mai bit 24 ko wanda aka cusa wa sunan mawaƙi da sauran bayanai. Digitakt ta farko mono ce a kilohaz 48, manhajarta ta Transfer tana juya fayil da kanta. Fayil mai 44.1 da aka kunna a 48 ba tare da juyawa ba yakan hau sama da kusan semitone ɗaya da rabi (semitone shi ne rabin murya), sai ya saɓa da sauran kiɗan. Kafin ka haɗe sitiriyo ya zama mono, saurara da kyau: in hagu da dama suna cin karo, bes zai ɓace, gara ka ɗauki ɓangare ɗaya kawai. Saukewa daga bit 24 zuwa 16 shi ne aikin ƙarshe, da dither (ɗan siririn ƙara da ake zubawa don rufe kaushin saukewar) a kunne, sau ɗaya tak, kuma ka adana asalin a gefe.

Lissafin wuri: minti ɗaya na sitiriyo a bit 16 da 44.1 kusan megabayit 10 ne, mono 5. MPC2000XL ko an cika ta megabayit 32 ce, wato wajen minti 6 na mono. Faifan fulofi kuma ya yi wuyar samu, shi ya sa masu gyara a nan ke maye gurbinsa da Gotek mai karɓar filashi, ko kuma su ƙara ZuluSCSI mai katin SD. In tsohuwa ka zaɓa, nemi wadda aka riga aka sa wa ɗaya daga cikinsu.

Ka rubuto mini irin sautin da za ka fi lodawa, ganga ko murya, don a san wadda za a nema. A gaida mutanen gida.